Daga tashar Tring zuwa dajin Dockey: tattakin ganin furen bulubel

Furen bulubel, ɗan shuɗin fure da ke rufe ƙasan dazuzzukan Birtaniya, ba ya daɗewa. A kudancin Ingila yakan fara buɗewa wajen tsakiyar watan Afrilu, ya cika ya batse na kamar mako biyu, kafin tsakiyar Mayu kuma ya koɗe ya kwanta. Saboda haka tun kafin in sayi tikitin jirgin ƙasa sai da na bi hotunan da masu kula da gandun Ashridge da maziyarta ke sakawa a intanet, ina duba ranar da aka ɗauki kowanne. Kalanda kaɗai ba ta wadatarwa. Shekarar da sanyi ya ja lokaci furen kan makara da mako guda ko fiye, shekarar da ɗumi ya zo da wuri kuma sai mutum ya iso a farkon Mayu ya tarar an ci kasuwa an watse.

Ashridge yana kan tuddan Chiltern, arewa maso yamma da Landan, a hannun ƙungiyar National Trust, mai kula da wuraren tarihi da na karkara, tun 1926. Faɗinsa ya kai kadada 2,000, daji da makiyaya da tudun alli. Na hau jirgi a tashar Euston da sassafe, cikin kamar minti 40 na sauka a Tring. Katin Oyster na cikin Landan ba ya kaiwa can, tikiti daban na yanka. Wanda zai je ranar Lahadi ko ranar hutun gwamnati ya duba jadawali tun daren jiya, domin a irin waɗannan ranaku ake yawan gyaran layin dogo, a maye gurbin jirgi da bas, tafiyar ta ninka. Wani abin da ke rikita baƙo shi ne tashar ba a cikin garin Tring take ba, tana bayan gari da nisan fiye da kilomita 2. Babu dalilin shiga garin ma. Da fitowa daga tasha sai a yi dama, a kama hanyar ƙauyen Aldbury.

Tsakanin tashar da ƙauyen kilomita ɗaya da rabi ne, kuma akwai turbar ƙafa ta cikin gonaki wadda ta fi bin kwalta kwanciyar hankali, don titin siriri ne ga motoci na gudu. Aldbury ɗan ƙauye ne mai kududdufi a tsakiya, da tsohuwar coci, da turun katako na ɗaure masu laifi da aka bari a bakin ruwan tun zamanin da. Akwai ɗan kanti, nan ne wuri mafi sauƙi na ƙara ruwan sha da burodi. Daga bayan gidajen sai hawa. Hawan bai fi kilomita ɗaya da 'yan kai ba amma ya miƙe sosai, kuma a nan takalmi ke nuna halinsa. Ƙasar tuddan nan alli ne a ƙasa, laka mai haɗe da dutsen ƙyastu a sama. In aka yi ruwa, lakar ta kama tafin takalmi ta yi nauyi, allin da ya fito fili kuma ya yi santsi. Takalmin wasanni mai sulɓin tafi ba zai yi ba, sai takalmin but mai haƙora wanda ruwa ba ya ratsawa.

A saman tudun akwai doguwar hasumiyar dutse mai tsawon mita 33, wadda aka gina a 1832 don tunawa da Francis Egerton, basaraken Bridgewater na uku, mutumin da ya sa aka haƙa mashigin ruwan da ya fara kai gawayin kwal Manchester a 1761. Matakala 172 ne a cikinta, ba kullum ake buɗe ta ba. Abin da ya fi amfani ga matafiyi yana gefenta: ofishin baƙi, wurin shan shayi, da banɗaki. Daga nan har a dawo tasha babu wani banɗakin jama'a a kan hanyar da na bi, don haka mai son alwala ya yi ta a nan. Na tambayi ma'aikatan inda furen ya fi cika a wannan makon, kuma tambayar tana da daraja, domin gangaren da ke kallon rana yakan riga kwarin da ke cikin inuwa da kwanaki.

Na bi faffaɗar hanyar da ta yi arewa daga hasumiyar, ta bakin gangare. Tun a nan furen ya fara bayyana jefi-jefi a gindin itatuwa, kuma nan ne ya fi dacewa a durƙusa a bakin hanya a kalle shi ɗaya-ɗaya, tun kafin yawansa ya ɗauke hankali. Tsiro ne da bai cika wuce tsawon santimita 30 zuwa 40 ba. Ganyensa dogaye ne sirara masu sheƙi, faɗinsu santimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, suna fitowa kai tsaye daga ƙasa. Daga tsakiyarsu kara ɗaya ke tashi, kansa a sunkuye, furanni biyar zuwa goma sha biyu suna reto a gefe guda kawai. Kowane fure ɗan bututu ne mai leɓe shida, kowane leɓe ya nannaɗe baya sosai. Na ɗaga ɗaya da ɗan yatsa na leƙa ciki: garin da ke kan zarurrukan fari ne mai ɗan ruwan madara. Ƙamshinsa mai sanyi ne, ba ya bugun hanci, kuma an fi jin sa idan rana ta ɗan ɗumama dajin kuma babu iska.

Waɗannan alamu huɗu, wato sunkuyon kara, nannaɗewar leɓe, farin gari da ƙamshi, su ne ke raba ɗan asalin wurin, wanda masana ke kira Hyacinthoides non-scripta, da ɗan'uwansa na Sifen da aka shigo da shi lambunan gidaje. Na Sifen a miƙe yake tsaye, furanni kewaye da kara ta ko'ina, bakinsu a wangale, launinsu ya fi haske, garin cikinsu shuɗi, ganyen kuma ya kai faɗin santimita 3, ƙamshi kusan babu. Su biyun suna barbara ta hanyar ƙudan zuma, su haifar da ruwa-biyu mai ɗaukar wani abu daga nan wani daga can. Yawancin abin da baƙo ke gani a lambunan Landan da bakin titi wannan ruwa-biyun ne. Kada a ruɗe da launi: a cikin dubban 'yan asali akan sami fari fat guda ɗaya, kuma ba baƙo ba ne. Gari da siffar kara ake dubawa.

Daga hasumiyar zuwa dajin Dockey, wanda ke cikin gandun na Ashridge, tafiyar kamar minti 45 ce. Hanyoyi sun yi yawa a cikin dajin, suna kama da juna, sabis ɗin waya kuma yana zuwa yana ɗaukewa. Na sauke taswira a waya tun a gida, amma taswirar takarda mai lamba 181 ta Ordnance Survey, hukumar taswirar Birtaniya, ta fi nuna kowace turba da kowane shinge. A hanya na ci karo da garken barewar daji suna tsallake turba a jere. Suna da yawa a Ashridge, kuma saboda su ake son mai kare ya riƙe igiyarsa. Karnuka kuwa ba a magana, kusan kowane iyali da nasu. Wanda ba ya son kare ya shafe shi sai ya tsaya cik a gefe ya yi wa mai shi magana, galibi nan take suke janyewa.

Dockey ƙaramin daji ne a bakin titin da ya tashi daga Ringshall zuwa tudun Ivinghoe. An killace shi, ƙofa ake bi a shiga, kuma a 2016 aka fara karɓar ɗan kuɗin shiga a ranakun ƙarshen mako da furen ya fi cika, don rage cunkoso da biyan masu tsaro. Itatuwansa dasa su aka yi a layi, dogaye miƙaƙƙu, babu sarƙaƙiya a ƙarƙashinsu, shi ya sa ido ke tafiya nesa ba abin da ya tare shi. Abin da ido ke gani kuwa shuɗi ne mai sirkin shunayya, daga bakin turba har inda gani ya ƙare, kamar an shanya rini a Ƙofar Mata. A sama sabon ganyen itacen bic ya fara tohowa, kore shar, siriri har haske na ratsa shi. Haɗuwar wannan koren da shuɗin ita ce ake yi wa tattaki, kuma kwanakinta ƙalilan ne, domin ganyen da ke ƙara wa wurin kyau shi ne zai kawo ƙarshensa.

Dalilin yana cikin yadda tsiron ke rayuwa. Yana da ɗan ƙullutu a ƙarƙashin ƙasa inda yake ajiye abincin bara. Tun cikin sanyi, wajen Janairu zuwa Fabrairu, ganye ke huda ƙasa, lokacin da itatuwa ke tsirara kuma hasken rana na isa ƙasan daji. A 'yan watannin nan ne zai yi duk aikin shekara: ya yi ganye, ya yi fure, ya ɗaura iri, ya cika ƙullutu da abincin baɗi. Da zarar bic ya rufe sama a watan Mayu, hasken da ke sauka ƙasa ya ragu ƙwarai, sai ganyen ya yi rawaya ya narke. Wanda ya zo a Yuli ba abin da zai gani sai busassun kara da kwanson iri. Saiwoyinsa ma suna da wata dabara, suna tsukewa su ja ƙullutun ƙasa a hankali har zurfin santimita 10 zuwa 12, inda akwai laima kuma sanyi ba ya kai masa.

Wannan ne kuma ya sa aka jera rassan itace a gefen kowace turba a Dockey, aka kafa alluna ana roƙon kada a tsallake. Ba tsananin Bature ba ne kawai. Ganyen yana da laushi da ruwa, taku ɗaya ke murƙushe shi. Ganyen da aka murƙushe ba zai haɗa abinci ba, ƙullutun ya kwana da yunwa, baɗi ya fito a raunane ko ya ƙi fitowa. Ƙasar da aka tattake kuma takan daskare, iri ya kasa kama ta. Daga iri zuwa furen farko shekara 5 zuwa 7 ne, irin kuma mai nauyi ne, a gindin uwarsa yake faɗuwa, ba iska ke kai shi nesa ba. To, wurin da mutum ɗaya ya zauna don a ɗauke shi hoto, na bayansa ya ga fili ya bi, kafin mako ya zagayo ya zama turba. Na ga irin waɗannan tabo a wasu sassan gandun da ba a killace ba, baƙar ƙasa tsirara ta ratsa tsakiyar shuɗi, a ƙarshenta kuma kututture mai daɗin zama. A ganina kuɗin ƙofar nan bai yi yawa ba.

Jinkirin yaɗuwarsa ne ya sa masana ke ɗaukar bulubel mai yawa a matsayin ɗaya daga cikin alamun tsohon daji, wanda a Ingila ke nufin wurin da bai rabu da itatuwa ba tun shekarar 1600. Tsiron na yammacin Turai ne kawai, daga arewacin Sifen da Fotugal, ta Faransa da Beljiyam, zuwa Birtaniya da Ayalan, inda ake samun laima da sanyi marar tsanani. An ƙiyasta kusan rabin na duniya duka a Birtaniya yake. Dokar kare namun daji da karkara ta 1981 ta hana tone shi ba da izinin mai ƙasa ba, daga 1998 kuma aka haramta sayar da wanda aka tono daga daji. Tsinkar furen ma asara ce, kafin a kai tasha ya yi yaushi. Mai tafiya da yara ya sa ido, domin dukkan tsiron guba ne ga mutum da kare da dabbar kiwo, kuma ƙullutunsa fari ne, yaro zai iya ɗaukar sa albasa. Ruwansa mai yauƙi ne da danƙo. A da can da shi ake liƙa gashin tsuntsu a gindin kibiya, ana haɗa littafi da shi, ana kuma sa wa kwalar riga sitaci a zamanin Sarauniya Elizabeth ta farko.

Batun hoto yana ba mutane haushi, kuma laifin ba na waya ba ne. Da tsakar rana hasken da ke ratsowa ta rassa yakan yi dabbare-dabbare a ƙasa, wani wuri fari fat wani baƙi, shuɗin kuma ya fita a koɗe ko ya koma ja-ja. Lokacin da ya fi shi ne awa biyun farko bayan fitowar rana, wadda a ƙarshen Afrilu ke fitowa kafin ƙarfe shida, ko kuma ranar da gajimare ya rufe sama, musamman bayan yayyafi. Na rage hasken hoton kaɗan da hannu, na durƙusa har kyamara ta zo daidai kan furanni, na jawo nesa kusa da zum maimakon in matsa. Jawowar tana tattara furannin su yi kauri a hoto fiye da yadda suke, shi ya sa hotunan da ake gani a intanet suka fi abin da ke gaban ƙafa cika. Wanda ya tsaya a tsaye ya kalli ƙasa, ganye da ƙasa zai fi ɗauka. Mai ƙafafun kyamara ya kafa su a kan turba. Sammako kuma yana da wata riba: daga ƙarfe goma na safe a ranar Asabar ko Lahadi, wurin ajiye motoci ya cika, turba ta zama layi. Ranar aiki ta fi.

In aka tsaya shiru za a ga masu aiki a cikin furen. Manyan ƙudan zuma masu gashi suna bin bututu ɗaya bayan ɗaya. Waɗansunsu harshensu bai kai ƙasan bututun ba, sai su huda shi ta gindi su sha zaƙin su tafi ba tare da sun ɗauki gari ba. Idan aka duba gindin fure aka ga ɗan rami, aikinsu ne. Akwai malam-buɗe-littafi mai ruwan ɗorawa, da wani fari mai jan baki a fiffike. Tsuntsaye kuwa a wannan watan ba sa rufe baki, kuma wasu daga cikin ƙananan masu kukan nan ba su daɗe da dawowa daga Afirka ta Yamma ba, sun ƙetare Sahara.

Ana iya juyawa daga Dockey a koma ta inda aka fito, tafiyar duka ta tsaya a kamar kilomita 11. Ni na zarce arewa zuwa tudun Ivinghoe. Titin motar ba shi da gefen masu ƙafa, don haka na bi turbar da ta ratsa gonar Ward's Hurst ta gangara wani kwari da ake kira Coombe ta kan matakala masu tsayi. Tun kafin a sauka hanci ke sanar da abin da ke ƙasa: tafarnuwar daji ce ta rufe kwarin, faffaɗan ganye da farin fure. Ita ana cin ta, amma tana tsirowa kusa da tsirrai masu guba da ganyensu ke kama da nata tun suna ƙanana, baƙo ya bar ta inda ya gan ta. Matakalar nan ita ce wuri mafi santsi a duk tafiyar, sandar dogarawa tana da rana a nan.

Tudun Ivinghoe tsayinsa mita 233 ne, babu itace a kansa, iska kuma ba ta sassautawa. Rigar ruwan da na cusa a jaka tun safe a nan ta yi amfani. Yanayin ƙarshen Afrilu haka yake: da asuba awon zafi na iya sauka ƙasa da digiri 5, da rana ya kai 13 ko 14, ruwa kuma na iya sauka ya ɗauke cikin rabin awa. Riguna marasa nauyi biyu ko uku da za a iya cirewa ɗaya-ɗaya sun fi babbar riga guda. Daga saman ana hango hoton zaki da aka sassaƙa a jikin tudun alli na Whipsnade tun 1933, a sama kuma shirwa ce ke shawagi, ja mai wutsiya a rabe. An taɓa ƙarar da ita a Ingila, sai a farkon shekarun 1990 aka kawo 'ya'yanta daga Sifen aka sake su a tuddan nan, yanzu ba a ɗaga kai ba a ga ɗaya ba. A gefen tudun da iska ba ta bugawa akwai ciyawa gajera busasshiya, wuri mai kyau na cin guzuri da sallar azahar, wadda ke shiga wajen ƙarfe ɗaya. Alƙibla daga nan gabas ce mai karkata kudu, kamar digiri 119 a kamfas.

Komawa tasha ta tsohuwar hanyar Ridgeway ce, wadda ta faro daga wannan tudun ta yi kilomita 139 zuwa Wiltshire. Alamarta hoton ɗan itacen ok ne a jikin turaku, kuma bin ta ba wuya: a bi ƙashin bayan tudu ta Pitstone, a shiga dajin Aldbury Nowers inda akwai wani bulubel ɗin a gangare, ba kowa a wurin, a gangaro zuwa titin tasha. Ana ratsa makiyayar tumaki, kowace ƙofa aka buɗe a rufe ta. Zagayen gaba ɗaya kimanin kilomita 15 ne, awa biyar zuwa shida har da tsaye-tsaye, kuma lita ɗaya da rabi na ruwa ya isa mutum ɗaya tunda ba zafi.

Kafin in hau jirgi na kakkaɓe wando na duba idon sawu, a gida kuma na duba bayan gwiwa da ƙugu da hammata. Inda barewa ke da yawa akwai kaska, ƙanana ƙwarai a wannan lokacin, kuma wasunsu na ɗauke da cutar Lyme. Dogon wando da aka cusa a safa yana rage haɗarin. In ta kama, a sa hantsaki mai siririn baki a kama ta dab da fata a ja a hankali a miƙe, ba a ƙona ta ba a shafa mata mai, don hakan na sa ta amayar da abin cikinta a jiki. Idan bayan kwanaki ko makonni aka ga jan zobe yana faɗaɗa a wurin cizon, ko zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi, a je wa likita a gaya masa an shiga daji.

Wanda ya makara a kudu bai rasa duka ba, domin furen yana bin ɗumi ne daga kudu zuwa arewa. Idan na Ashridge ya kwanta, na arewacin Ingila da Sikotilan yana tashe har tsakiyar Mayu ko bayan haka. Mazauna Beljiyam da maƙwabtanta kuma suna da dajin Hallerbos kusa da garin Halle, kudu da Brussels, wanda lokacinsa ya yi daidai da na kudancin Ingila, kuma can ma doka ɗaya ce, ba a sauka daga turba.